Kwana nawa ƙoton masunci yake yi a bakin kogin Kwara?

Da la'asar sakaliya, a gefen fadamun Illo da Lolo cikin ƙaramar hukumar Bagudo, za ka tarar da yara durƙushe suna tonon tana, kowa da gwangwanin madara ko na tumatir a gefensa. Da damina aikin wasa ne. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 kuma ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, tana takan nutse can ƙasa inda sauran laima take, sai an bi bakin ruwa an haƙa da gaske. A wannan lokacin ne masunci yake fara lissafin yadda abin da aka tono yau zai kai shi jibi.

Tana ba ta da huhu. Ta fata take numfashi, kuma iska ba ta ratsa fatar sai tana da danshi. Shi ya sa gwangwanin da aka bari a rana cikin kwale-kwale yake zama tukunya: ƙarfen ya ɗauki zafi, ƙasar ciki ta bushe, kafin azahar an yi asara. Wanda kuma ya cika mata ruwa don tausayi, shi ma ya kashe ta, domin ruwan da ya tsaya ya ɗumama iskarsa ƙarewa take yi. Abin da take so shi ne ƙasar da aka tono ta a ciki, mai laima ba mai caɓi ba, da ɗan ruɓaɓɓen ganye, a cikin tukunyar ƙasa a inuwa, an rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Tukunyar tana sanyaya ta kamar yadda randa take sanyaya ruwa, ta hanyar zufar da take fitarwa iska na busarwa. A haka tana kan yi mako ɗaya, har fiye, muddin ana duba ta kullum da safe ana tsince matattu. Wannan tsincewar ita ce mutane suka fi yi wa kasala, alhali guda ɗaya in ta ruɓe a ciki, ƙwayoyin cuta da warinta su ne za su kwashe sauran. A irin wannan ɗumi, wasu ƙwayoyin cutar sukan ninka yawansu cikin minti 20 kacal.

Ƙananan kifi masu rai sun fi wuyar sha'ani. Litar ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9, in ya kai digiri 30 sai ta ragu zuwa wajen 7.5, ga shi a lokacin ne kifin ya fi buƙatarta. 'Ya'yan karfasa da aka cusa a bokiti sai ka ga sun taso sama suna buɗe baki, cikin 'yan sa'o'i sun kife ciki. Dabarar masunta ita ce a zuba su a kwando ko gura a ɗaure a cikin kogin, ruwa mai gudu ya riƙa ratsa su. 'Yar tarwaɗa kuwa ba ruwanta, tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan yi kwanaki a ɗan ruwa kaɗan.

To amma mene ne lalacewar ƙoto? A nan ne nake ganin masu neman a ba su adadin kwanaki guda ɗaya suke kuskure, domin kifin da ake nema shi ke yanke hukunci. Giwan ruwa mafarauciya ce, da ido take farauta, abin da ke motsi take kai wa hari. Ƙoton da ya mutu ya rage daraja a wurinta. Tarwaɗa da ramboshi da kurungu kuwa, a cikin duhu da laka suke kiwo, kuma gashin bakinsu cike yake da abubuwan ɗanɗano. Yankan kifi ko hanjin kaza da ya kwana ya fara tashi, su a wurinsu kira ne. Iyakarsa dai kada ya yi laushin da ƙugiya ba za ta riƙe shi ba. Gishiri ke maganin wannan: yana tsotse ruwan naman, ya ƙara masa tauri, ya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har ya yi makonni. Kuma daga nan har Mali an san masu yanka sabulu ƙanana-ƙanana suna sa wa ƙugiya don irin waɗannan kifaye, ƙoton da ba ya buƙatar inuwa ko ƙanƙara.

Masu gura su dusa ce jarinsu. Busasshiya takan yi watanni in ba ta sha laima ba, amma da zarar an kwaɓa an dunƙula, kwana ɗaya zuwa biyu ta yi tsami ta fara wargajewa, don haka ake kwaɓa ta yini kawai.

Ƙanƙara ma babbar dabara ce ta adana yankan kifi, tunda kifin ruwan ɗumi kan yi mako biyu a cikinta bai ɓaci ba. Sai dai a tungar da wutar lantarki ba ta kai ba, wanda ya samo ƙanƙara kifin sayarwa zai zuba wa, ba abincin kifi ba. Sarkawa da Dandawa da Zabarmawan da ke su a wannan yanki, daga Lolo har Gaya da Malanbil a ƙetaren iyaka, ruwa ɗaya suke bi kuma zafi ɗaya ke dukansu. Wasunsu ma sun yanke wahalar gaba ɗaya da mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi tsirara da ake shimfiɗawa kusa da ƙasan ruwa, kifi ya zo wucewa ta kama shi a ciki ko a wutsiya.