Louvre da Orsay a yini ɗaya: Yadda za ka tauna taura biyu a birnin Faris

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma matafiyi da ya samu kansa a birnin Faris na ƙasar Faransa da yini ɗaya tak a hannu yakan so ya gwada. Ga Louvre, gidan adana kayan tarihi da zane-zane da ya fi kowanne karɓar baƙi a duniya, ga kuma Orsay a tsallaken kogin Seine, tafiyar da ba ta wuce minti 15 a ƙafa ba.

Ga ɗan kasuwa ko ɗalibi ko wanda ya je taro, wanda ya sha wahalar biza da kuɗin jirgi, ba lallai irin wannan dama ta sake zuwa ba. Abin na yiwuwa, amma da sharaɗi biyu: ka zaɓi ranar da ta dace, sannan tun daga masauki ka haƙura da ganin komai.

Fara da duba kalanda

Orsay ba ya buɗewa ranar Litinin, Louvre kuma a rufe yake ranar Talata. Wanda yininsa ya faɗa ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, gida ɗaya kawai zai gani.

Asabar da Lahadi dukkansu a buɗe suke, sai dai suna tashi da ƙarfe 6 na yamma, ga kuma cunkoson ƙarshen mako. Ranakun da suka fi dacewa su ne Laraba da Alhamis da Juma'a, saboda a kowacce akwai gida ɗaya da ke kaiwa dare.

Ranar Alhamis Orsay na kaiwa ƙarfe 9:45 na dare, don haka sai a fara da Louvre da ƙarfe 9 na safe, a ƙare da Orsay. Laraba da Juma'a Louvre ne ke kaiwa ƙarfe 9 na dare, sai a juya tsarin: Orsay da 9:30 na safe, Louvre da yamma. A lura cewa ma'aikata kan fara fitar da mutane daga ɗakuna kusan rabin awa kafin lokacin rufewa.

Tikiti kafin tafiya

Louvre ya karɓi baƙi kusan miliyan 8.7 a 2024, kuma hukumar gidan ta ƙayyade mutum 30,000 a kowace rana. Saboda haka a sayi tikiti ta intanet tun da wuri, mai ɗauke da ranar shiga da lokacinta.

Daga Janairun 2026, baƙon da ya fito daga wajen ƙasashen Turai, kamar mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana, na biyan Yuro 32 a Louvre maimakon 22 da ake biya a da. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kyauta suke shiga gidajen biyu.

Ba a shiga da manyan akwatunan tafiya, sai a bar su a masauki. Wanda kuma ya fita daga Louvre ba zai koma da tikitin ba. Da safiyar ranar a leƙa shafin gidan, domin a ranar 16 ga Yunin 2025 dubban masu tikiti sun yi cirko-cirko a waje na tsawon sa'o'i, bayan ma'aikata sun ƙi fara aiki saboda yawan cunkoso da ƙarancin ma'aikata.

Louvre: awa uku, ɓangare ɗaya

Tsohuwar fadar sarakunan Faransa ce da aka mayar gidan tarihi a 1793, kuma kayan da aka baje a ciki sun kai kusan 35,000. Idan mutum zai tsaya daƙiƙa 30 kacal a gaban kowanne, sai ya shafe fiye da awa 290, wato sama da wata guda yana zuwa kullum daga safe zuwa yamma.

Daga ƙarƙashin dalar gilashin da ke tsakar fadar, hanya ta rabu uku: Denon da Sully da Richelieu. Mai awa uku ya nufi Denon, domin a nan fitattun kayan suka fi taruwa.

A fara da Mona Lisa ta Leonardo da Vinci kafin ɗakin ya cika. Da yawa kan yi mamakin ƙanƙantarta, domin tsawonta santimita 77 ne, faɗinta 53, tana bayan gilashi. Kafin ka fita ka juya baya: a bangon da ke fuskantarta akwai zane mafi girma a gidan, na wani bikin aure da Veronese ya yi, mai faɗin kusan mita 10, wanda masu rububin ɗaukar hoto ke juya wa ƙeya.

Daga nan a sauka sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012. A cikin taskarsa akwai wani ɗan batta na hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968 domin al-Mughira, ɗan Halifa Abdurrahman na Uku, da wani babban tasa na tagulla mai ado da azurfa da zinariya, aikin Muhammad ibn al-Zayn na zamanin Mamluk. Ba kowane ɗaki ake buɗewa kullum ba, don haka a duba jadawalin ɗakuna a shafin gidan.

In da sauran ƙarfi, a ƙara abu ɗaya kawai a Richelieu: dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila, mai shekara fiye da 3,700.

Hutun tsakiya

Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan zane-zane na Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu kan gajiyar da ke kama masu zagaya irin waɗannan wurare. Ƙafa ce ke fara gajiya, sai ido ya biyo baya, har mutum ya riƙa wuce zane kamar yana wuce allon talla. Wanda ya fita daga wannan gida ya faɗa wancan ba tare da hutu ba, kuɗin tikiti na biyu ya tafi a banza.

A ware aƙalla awa ɗaya da rabi. Lambun Tuileries na nan a gaban Louvre, da kujerun zama kyauta, kuma daga cikinsa ake hawa gadar masu tafiya a ƙafa da aka sa wa sunan Léopold Sédar Senghor, shugaban Senegal na farko, wadda ke sauke mutum daf da Orsay.

Ga mai son sallah cikin jama'a, layin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 7 na tashi daga tashar Palais Royal a bakin Louvre zuwa Place Monge, kusa da Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926. Tsarin ranar Juma'a ya yi daidai da wannan: Orsay da safe, masallaci da rana, Louvre har dare.

Orsay: daga sama zuwa ƙasa

Tashar jirgin ƙasa ce da aka gina a 1900, aka mayar da ita gidan zane-zane a 1986, kuma har yanzu manyan agogunanta na nan. Kayan cikinta na tsakanin 1848 zuwa 1914 ne, wato kusan daga inda Louvre ya tsaya. Shi ya sa fara da Louvre ke sa mutum ya bi tarihin a jere.

Awa biyu zuwa biyu da rabi sun isa. A hau kai tsaye zuwa hawa na biyar tun da sauran kuzari, inda ayyukan Monet da Renoir da Degas suke, tare da zanen Van Gogh na 1888 na taurari a saman kogin Rhône.

A ƙasa kuwa akwai zanukan da mai kallo daga ƙasar Hausa zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. Millet ya zana mata uku a 1857 sun sunkuya suna kala a gona bayan girbi, can nesa kuma ga tarin amfanin mai gona. A taskar gidan akwai kuma zanen Léon Belly na 1861, ayarin alhazai a kan raƙuma cikin hamada sun nufi Makka, da na Gustave Guillaumet na 1863, mutane na sallar yamma a Sahara.

Masu tafiya da iyali su sani cewa a gidajen biyu akwai gumaka da zanukan mutane ba sutura. Taswirar da ake bayarwa kyauta a bakin shiga na taimakawa wajen zaɓen hanyar bi.

Wa ya kamata ya haƙura da ɗaya?

Mai ƙananan yara, ko dattijon da tsayuwa ke ba shi wahala, ko wanda jirginsa zai tashi da daddare, ya zaɓi gida ɗaya. Orsay ya fi sauƙin zagayawa, Louvre ya fi faɗin tarihi.

Mai neman kayan fasahar Afirka kuwa, babbar taskarsu na gidan Quai Branly kusa da hasumiyar Eiffel, kuma wannan sai a ba shi ranarsa daban.

Kafin ka kwanta a daren jajiberi, ka rubuta abubuwa biyar da kake son gani a kowane gida, ka duba ɗakunansu a taswira, ka tanadi takalmi mara takura. Idan ka ga goman nan a natse, duk abin da ka ci karo da shi a hanya riba ce.