TSABTAR TUFAFIN CIKI: KUNYA BA TA HANA SHANYA

Duk wanda ya shiga wani gida a birnin Tawa da hantsi, ranar wanki, zai tarar igiya ta cika maƙil da manyan riguna na shadda, da zannuwan atamfa, da mayafai, da tufafin lakwal na yara. Amma in ya lura da kyau akwai abin da ba zai gani ba. Fatari, da kamfai, da rigar nono, da ƙyallen al'ada, ba su kan igiya. To, ina suke? Suna cikin ɗaki, an rataye su bayan ƙofa, ko an cusa su ƙarƙashin katifa da sauran danshinsu. Kuma su ne aka wanke daga ƙarshe, cikin ruwan da ya riga ya yi baƙi da dauɗar sauran kaya.

Muna neman gafarar masu karatu, domin mun san maganar tana da nauyi a baki. Sai dai tufafin da suka fi kusa da jikin mutum su ne ake bai wa ruwan ƙarshe da lungu mafi duhu, kuma abin da wannan ke jawowa shi ne ciwo ga mata da asarar kuɗi ga magidanta. Saboda haka shiru ba namu ba ne.

Daga saƙi zuwa nailan

A zamanin kakanninmu, bante da fatari duk na auduga ne, wadda aka noma a fadamun Maggiya, mata suka kaɗa zarenta, masaƙa suka saƙa. Irin wannan tufa tana da jimiri. A buga ta a kan dutse, a zuba mata ruwan toka, a shanya ta cikin ranar tsaka, ba abin da zai same ta.

Yau kaya sun canza. Ƴan ci-ranin Adar da ke dawowa daga Abijan da Libiya suna zuwa da tsaraba, akwatin lefe ba ya cika sai da kayan leshi masu santsi, kuma a kasuwar Lahadi ta Tawa ana baje su tuli-tuli. Yawancinsu ba auduga ba ne. Nailan, wani masani ne mai suna Wallace Carothers ya haɗa shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Zaren roba mai miƙewa, wanda ake sawa a ƙugun kamfai da maɗaurin rigar nono, Joseph Shivers ne ya ƙirƙiro shi a wannan kamfani a 1958. Waɗannan zarurruka daga sinadarin masana'anta suka fito, kuma halinsu daban yake da na auduga. Nailan ba ya shan gumi sosai, sai ya riƙe zafi da laima a jikin fata. Zaren roba kuwa yana da abokan gaba uku: zafi, da murɗa, da ruwan jabel. Wadda ta yi wa kayan yau wankin kayan jiya, kafin wata biyu za ta ga robar ta saki, leshin ya yage, farin ya koma ruwan ɗorawa.

A nan ne ilimin yaƙi da jahilci yake da rana. Kowace tufa ta kanti tana ɗauke da ƴar takarda a ɗinke daga ciki. In an rubuta «coton», auduga ce. In an rubuta «polyamide», nailan ne, «élasthanne» kuma zaren roba. Zanen kwano da hannu a ciki yana nufin a wanke da hannu. Lamba 30 tana nufin kada zafin ruwan ya wuce digiri 30, wato ruwan da hannu ba ya jin ɗuminsa. Alama mai kusurwa uku da aka soke tana nufin ban da jabel, dutsen guga da aka soke kuma ban da guga. Wanda ya iya karanta wannan ƴar takarda ya tsirar da kuɗinsa.

Ruwan Adar da sabuni

Kowa ya san ruwa abu ne mai tsada a ƙasarmu. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum guda yana bukatar aƙalla lita 20 a yini domin sha da girki da ƴar tsabta. A arewacin Adar, wajen Takanamat, da Abalak, da Cintabaraden, inda ake jan guga da jaki ko raƙumi daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, gidaje nawa ne suke samun haka ga kowane kai da rani? Ba za mu zargi macen da ta yi tattalin ruwa ba. Abin da muke cewa shi ne a juya tsarin wankin: ƙananan kaya su fara shiga ruwa mai tsabta, manya su biyo baya. Lita biyar ta ishi kayan ciki na mutum guda, biyu na wanki, uku na ɗauraya, kuma ruwan ɗaurayar ƙarshe ba zubarwa za a yi ba, sai a jiƙa tsummokin gida da shi ko a yayyafa wa tsakar gida.

Akwai kuma halin ruwan kansa. Duwatsun Adar suna da farar ƙasa, irin wadda ake haƙowa ana yin siminti da ita a Malbaza tun shekarun 1960. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse ba ya son sabunin sanda: kumfa ba ta tashi, sai wani farin dusa-dusa da ke maƙalewa cikin zare, ya sa tufa ta yi tauri tana kartar fata. In ruwan rijiyarku haka yake, omo kaɗan ya fi, amma a narkar da shi sarai kafin a sa kaya, kada a barbaɗa shi a kansu. Da damina kuwa a tari ruwan sama a ajiye, domin ba shi da farar ƙasa, kuma sabunin sanda marar turare, irin wanda iyayenmu suka sani da sunan Lavibel, yana kumfa da shi sosai. Inda babu sabuni, matan da can suna daka ɓawon aduwa ko saiwarta su yi wanki, kuma dabarar tana nan da amfaninta. Toka da kanwa kuwa a bar wa auduga mai kauri, domin kaifinsu yana cinye siliki da roba. Masu ɗiban ruwa a tabki, kamar na Tabalak, su bar shi ya kwana biyu a tulu ya kwanta, su tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan jira yana kashe ƙwayar tsargiya da ke cikin ruwan.

Yadda za a yi wankin

Da farko a ware kwano guda domin wannan aiki kaɗai, kada a haɗa shi da na wanke-wanke. Kayan kowa daban, fari daban, mai launi daban. Tufar da aka tuɓe a wanke ta ran nan, domin gumin da ya kwana yana cin zare yana kuma kiran wari.

A jiƙa kayan kamar minti goma cikin ruwan sanyi mai kumfa, sa'an nan a cuɗa a hankali da tafin hannu, a fi ba da ƙarfi ga tsakiyar kamfai da ƙarƙashin hamata. Ban da burushi, ban da bugu a kan dutse. Rigar nono a ɗaura ƙugiyoyinta kafin ta shiga ruwa, don kada su kama leshi. Mai soso ko mai ƙarfe a ciki ba a murɗe ta, sai a danna tsakanin tafuka biyu, ko a naɗe ta cikin tawul busasshe ya tsotse ruwan.

Tabon jini ruwan sanyi yake so. Ruwan zafi dafa jinin yake yi, kamar yadda wuta ke daskarar da ƙwai, sai ya kama zare ya ƙi fita har abada. A fara wanke tabon da ruwan sanyi zalla, a goga sabuni, a bar shi ɗan lokaci, sa'an nan a cuɗa.

Ruwan jabel, wanda ya samo sunansa daga wata unguwa ta birnin Pari inda aka fara yin sa a ƙarshen ƙarni na 18, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma farar auduga zalla kaɗai ke jure masa, kuma sai an tsarma shi da ruwa mai yawa. Kada a taɓa gauraya shi da wani maganin wanki ko na goge bayi, domin yana iya tayar da iska mai guba.

Ɗauraya ita ce rabin aikin. A ɗauraye sau biyu ko uku, har ruwa ya fita garau. A nan likita da malami bakinsu ɗaya. Likita ya ce sauran omo a cikin zare yana sa ƙaiƙayi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya kuma, masu karantar da Ahalari da Ishmawi a zaure, sun koya mana cewa hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa tsarkakakke wanda wani abu bai canza shi ba. Ruwan kumfa yana fitar da dauɗa, ruwan ɗauraya ne yake kawo tsarki.

Shanya

Kunya ado ce, ba mai son a raba ɗiyan Adar da ita. Amma danshi da duhu da ɗumi su ne gonar ƙwayar cuta. Tufar da ta bushe rabi da rabi a bayan ƙofa, aka sa ta a jiki cikin zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a Tawa, ta zama matattarar ciwo.

Dabarar mai sauƙi ce. A ɗaura ƴar igiya ta dabam a bayan ɗaki ko cikin makewayi, inda iska ke ratsawa kuma baƙo ba ya leƙawa. In gidan haya ne mai jama'a da yawa, a yafa tsohon mayafi marar kauri a kan kayan: iska da haske za su shiga, ido ba zai shiga ba. Auduga da ƙyallen al'ada a ba su rana sosai, domin rana magani ce da ba a saye. Kayan roba da leshi kuwa ranar safe ta ishe su, ko inuwa mai iska, kuma da sun bushe a kwashe, kada su yini suna toyewa. Rigar nono a rataye ta daga tsakiya, ba daga maɗauri ba, don kada nauyin ruwa ya ja robar. Da hunturu, in ƙura ta taso, a kakkaɓe kafin a ninke.

Kada a shanya a ƙasa ko a kan darni. Akwai wani ƙuda, wanda ƴan ci-ranin kurmi suka sani sarai, mai yin ƙwai a ƙasa da kan tufar da ke da sauran gumi ko fitsari. Tsutsarsa tana huda fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan, saboda haka da damina a goge kayan auduga ciki da baya, musamman na jarirai, amma a kauce wa wurin roba. Turaren wuta da humra kuma a bar su ga tufafin waje. Ƙamshi ba ya maye gurbin wanki, kuma a fata mai taushi yana iya zama ƙuna.

Kayan bosho

Talaka ba ya rasa shiga wurin ƴan bosho, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai dilar gwanjo ta ratso teku da hannuwa da yawa, ba mai sanin wanda ya sa tufar da fari. In da hali, kamfai dai a sayi sabo, ko da guda uku na auduga marasa ado, a riƙa sauyawa. In kuwa an sayi na bosho, auduga a zuba mata tafasasshen ruwa ta yi minti goma. Wanda ba ya jure zafi a ɗaure shi cikin leda har mako biyu, domin ƙwaron ƙazuwa da kwarkwata ba su rayuwa haka nesa da jikin mutum, sa'an nan a wanke. Ko sabuwar tufa ta kanti ma a wanke ta kafin a sa. Aron kayan ciki tsakanin ƴan uwa ko ƙawaye kuwa a daina shi.

Abin da ya rage ga likita

Masana lafiya sun tabbatar cewa mata uku cikin huɗu suna gamuwa da ƙaiƙayin gaba mai farin ruwa aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Juna biyu, da ciwon suga, da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai suna ƙara shi, tufa mai laima kuma tana ba shi wurin zama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to fatar da aka sosa ta yi rauni haka take. Amma mu faɗi gaskiya: sabuni rigakafi ne, ba magani ba. Abin da muke tarawa mu kira ciwon sanyi cututtuka ne iri-iri, waɗansunsu ana ɗaukar su ta wurin saduwa, kuma ba su warkewa sai an yi wa miji da matansa magani tare. Wadda ta ga ruwa mai wari, ko ciwon mara, ko zafin fitsari, ta tafi gidan likita ta ga unguwarzoma, kada ta tsaya ga ƙullin masu talla.

Kira ga magidanta da ma'aikata

Wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Singileti da gajeren wandon maigida, waɗanda ba a kai wa wankau, doka guda ce ta hau kansu. Kuma maigidan da ya sayi shadda ta sallah, bai kamata sabuni da ƴar igiya su gagare shi ba. Uwa ta koya wa ɗiyarta tun kafin ta fara al'ada, da baki mai daɗi, ba da tsawa ba.

Tun da aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975 ake tara mata ana koya masu ɗinki da girki da renon yara, kuma tun 2014 duniya ta ware ranar 28 ga watan Mayu domin tsabtar al'adar mata. Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su sa karatun ƴar takardar tufa cikin darasinsu. Muna kira ga shugabannin makarantun kwana na ƴan mata, da masu kula da gidajen haihuwa na jahar Tawa, da masu zana sababbin gine-gine, su tanadi wurin wanki da shanya mai katanga, mai ruwa, wanda rana ke shiga. Aiki ne da ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma yarinyar da ta samu inda za ta shanya ƙyallenta cikin sutura ba za ta riƙa fashin lakwal kowane wata ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa damina ta yi albarka, rijiyoyinmu su cika. Amin.