Sunan Silva: Daga Ƙayar Fotugal Zuwa Gaɓar Tekun Benin

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi na cikin wuraren da Najeriya ta haɗa iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma 'yan kasuwar Illo da Lolo da Tsamiya da ke ƙetarawa zuwa Malanville da Kandi, har su gangara Kwatano, sukan ci karo da sunaye irin su da Silva da de Souza da d'Almeida a allunan shaguna da takardun ofis, alhali masu sunayen baƙaƙen fata ne, wasunsu ma Musulmi ne gaba da baya. Waɗannan sunaye na Fotugal ne, kuma wanda ya fi kowanne yaɗuwa a duniya shi ne Silva.

Kalmar ta fito ne daga harshen Latin, inda take nufin kurmi ko daji, amma a harshen Fotugal na yau ta koma sunan wata ƙaya mai yaɗo da ke fitowa a bakin gonaki. Masana salsalar dangi suna danganta gidan sarautar da ya fara shahara da sunan da wani wuri mai suna Silva a yankin Valença, kusa da kogin Minho a arewacin Fotugal, kuma ɗan harafin nan "da" da ke gabansa yana nuna inda mutum ya fito ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin haka aka san Shehu Shagari da Malam Aminu Kano da sunan garuruwansu. Bambancin shi ne, a Fotugal sunan yakan zauna wa zuriya har abada, ba ya canzawa da sauyin uba ko na mazauni.

Jiragen ruwan Fotugal sun isa Brazil a 1500, sun kama Goa ta ƙasar Indiya a 1510, sun kuma kafa sansani a Sri Lanka, inda har yau de Silva ke cikin sunayen da aka fi ji. Sai dai ba haihuwa kaɗai ce ta yaɗa sunan ba, domin Fotugal ƙaramar ƙasa ce da ba ta da jama'ar da za ta cika duniya. Baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, ita da bauta su ma sun yi wannan aiki: wanda aka kama a Afirka akan raɗa masa sabon suna, in ya sami 'yanci kuma ya ɗauki sunan ubangidansa ko wani suna gama-gari da ba zai jawo masa tambaya ba. Shi ya sa a Brazil, wadda ba ta haramta bauta ba sai a 1888, mutum fiye da miliyan 30 ke amsa sunan Silva, ciki har da shugaban ƙasar, Luiz Inácio Lula da Silva.

A nan ne labarin ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa a hannun fataken bayi, aka bi da su ta ƙasar Yarbawa zuwa tasoshin Legas da Porto-Novo da Wida, daga nan sai jihar Bahia ta Brazil. Hausawan da aka kai can ba su kwanta ba, domin su ne kan gaba a yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814, sannan a Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmin birnin Salvador, galibinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito cikin fararen riguna suka yi fito-na-fito da hukuma. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i cikin rubutun Larabci, kuma wasu daga cikin takardun suna nan ajiye a gidan adana tarihi na Bahia. Bayan an murƙushe tawayen sai aka shiga korar 'yantattun 'yan Afirka, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu, suka sauka a gaɓar da aka ɗebe su, ɗauke da sunayen Fotugal da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Su ne ake kira Aguda.

Ba dukan masu irin wannan suna ne jikokin bayi ba, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka, domin gidan de Souza na Wida ya samo asali ne daga Francisco Félix de Souza, babban dillalin bayi da ya taimaki Sarki Gezo ya hau gadon Dahomey, ya kuma mutu a 1849. Daga wannan zuriya ne aka sami Isidore de Souza, limamin Katolika da ya jagoranci taron ƙasa na 1990 wanda ya mayar da Benin kan mulkin dimokuraɗiyya. A Porto-Novo kuwa akwai gidan tarihi na da Silva, da babban masallacin da Musulmin Aguda suka yi wa fasali irin na majami'un Bahia, da fenti kala-kala da adon siminti a goshinsa.

Abin takaici shi ne yadda wannan babi bai sami gurbin da ya dace ba a karatun tarihi na arewacin Najeriya, duk da cewa waɗanda aka tafi da su 'yan wannan ƙasa ne. Ya kamata sassan tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su tura ɗalibai Porto-Novo da Wida su tattara tarihin baka na gidajen Aguda tun dattawan da suka riƙe shi suna raye.