Ba Kullum Laifin Bawul Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin makaɗan jita masu amfani da amfilifaya ta bawul, har ma da wasu daga cikin masu gyara: da zarar murya ta canja, ko an ji ruri, ko fis ya ƙone, sai a ce bawul ya mutu, a cire duka a sa sababbi. Na ji wannan daga mutanen da suka riga ni riƙe jita da shekaru masu yawa, kuma ina girmama su. Amma ina ganin a nan an bar jaki ana dukan taiki, kuma kuɗin mutane na salwanta a banza.

Bari in fara da inda suke da gaskiya. Bawul ɗin nan, wanda ya yi kama da ƙwan fitila a bayan akwatin, abu ne mai tsufa. A cikin gilashinsa babu iska. Akwai wata 'yar waya da wuta mai ƙarfin bolt 6.3 ke zafafawa, zafin nan ne ke sa wani ƙarfe mai shafe da sinadari ya riƙa sakin lantarki zuwa farantin da ke kewaye da shi. Sinadarin yana ƙarewa a hankali. Manyan bawul masu tura sauti zuwa sifika, irin 6L6 da kamfanin RCA ya fitar a Amurka a 1936, ko EL34 da aka san amfilifayar Marshall da shi, ko EL84 na amfilifayar Vox AC30, su ne ke shan wahala, kuma wanda yake kiɗa kowane dare zai iya gajiyar da su cikin shekara ɗaya ko biyu. Wannan ba abin musu ba ne.

Inda na rabu da su shi ne kalmar "duka". Ƙananan bawul na gaba, irin 12AX7 wanda a Turai ake kira ECC83, wuta kaɗan suke ja, kuma sukan yi shekaru goma ko fiye suna aiki lafiya. Amfilifayar Fender Twin Reverb tana da manya guda huɗu da ƙanana shida. Wanda ya zubar da goman nan saboda ƙara ɗaya da ya ji, mai yiwuwa ya jefar da tara masu rai. Kuma ba kayan da ake tsinta a ko'ina ba ne. Tun bayan ƙirƙiro taransista a 1947 masana'antun bawul suka yi ta rufewa, har ya zama mafi yawan wanda ake sawa a amfilifayar jita yau daga wurare ƙalilan yake fitowa: kamfanin JJ a Silobakiya, masana'antar Saratov a Rasha, sai wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, makaɗa a duniya sun ga yadda bawul ya yi wuya ya yi tsada.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Sau da yawa bawul da ya ƙone wanda aka zalunta ne, mai laifin yana nan ɓoye a ciki. Wani abokina ya taɓa sayen manyan bawul sababbi saboda na da sun riƙa yin ja kamar garwashi. Bai yi mako ba ɗaya daga cikin sababbin ya sake yin jan nan, a gurbin da na farko ya ƙone. Da aka buɗe, sai aka tarar wata ƙaramar kafasita ce ke yoyo, tana zuba wuta inda bai kamata ba, ta lalata ma'aunin da ke hana bawul jan wuta fiye da kima. Ma'aunin nan shi masu gyara ke kira bayas. Kafasitar ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba. Da ya sa bawul sau goma, da sau goma zai ƙone.

Haka abin yake da ruri mai kauri da ba ya tafiya ko an rage murya. Yawanci manyan kafasitocin da ke tace wuta ne suka bushe, domin akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin ƙarfinsu kan ragu, balle a ƙasa mai zafi. Ƙarar ƙyas-ƙyas idan an murɗa maɓallin murya, ƙura ce ko tsatsa. Wanda ya ga yadda hunturu ke cika ɗaki da ƙura a Kano ko Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sauti mai ɗaukewa yana dawowa kuwa, a fara duba wayar jita, da ramin da ake soka ta, da ƙafafun bawul a cikin soket ɗinsa, da wurin da likin dalma ya tsage saboda jijjigar mota. Duk waɗannan ba su da alaƙa da tsufan bawul.

Sai maganar wuta, wadda ta fi shafar mu. Amfilifayar da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take so, mu kuwa a Najeriya da Nijar kusan ninkin haka ke zuwa. Ko wadda aka yi daidai da wutarmu, idan an ɗora ta a kan ƙaramin janareta a wajen biki, kamar yadda makaɗan jita ke yi a Agadas da sauran garuruwa, wutar na hawa tana sauka. Idan ta hau, 'yar wayar nan mai zafafawa na cin fiye da rabonta. A nan sitabilaiza mai kyau ta fi kwalin bawul amfani. Akwai kuma kuskuren da ke iya kashe amfilifaya: kunna ta a kaɗa ba tare da an haɗa sifika ba, ko haɗa sifikar da ba ta dace ba, alhali an rubuta om 4, 8 ko 16 a baya. Abin da ke ƙonewa a nan taransifomar fitar da sauti ce, kuma ta fi kowane bawul tsada.

Wasu na tsorata idan suka ga shuɗin haske a jikin gilashi cikin duhu. Wannan ba ciwo ba ne, lantarki ne ke bugun gilashin, kuma bawul masu lafiya da yawa suna yin haka. Baƙi-baƙin nan mai ƙyalli kamar madubi a saman gilashin ma ba ƙuna ba ce. Da gangan aka shafa shi a masana'anta don ya tsotse ragowar iska. Ranar da ya koma fari kamar alli, to gilashi ya tsage, iska ta shiga, wannan kam ya mutu.

To yaya za a gane mai laifi? A ajiye ƙaramin bawul guda ɗaya da aka tabbatar da lafiyarsa. A kashe amfilifaya, a bari ta huce, a musanya shi da ƙaramin bawul na farko a cikinta, a kunna a saurara. In ba a ji bambanci ba, a mayar da na asali gurbinsa, a matsa zuwa na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya canja duka lokaci guda, ko da matsalar ta tafi, bai san me ya warkar ba. Idan ana jin fito ko ƙarar ƙararrawa, a ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali da gindin fensir yayin da take kunne. Wanda ya amsa da ƙarfi ta sifika fiye da 'yan'uwansa, shi ne ya kwance a ciki. Manyan bawul kuwa a canja su tare, waɗanda aka gwada aka daidaita, sannan a amfilifaya irin Twin Reverb ko yawancin Marshall a sa mai gyara ya sake saita bayas. Vox AC30 tana daidaita nata da kanta, shi ya sa ba ta cika buƙatar wannan ba.

Iyakar abin da makaɗi zai yi da hannunsa ke nan. Ciki kuwa akwai wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 500, kuma kafasitoci na iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Tana iya kisa. Roƙona ga 'yan'uwa makaɗa shi ne, idan fis ya ƙone sau biyu a jere, ko faranti ya yi ja, a kashe nan take, kada a ɗaura wa fis waya, a kai wa mai gyaran da zai sa mita ya auna kafin ya ce a sayi komai.