Daidaito da Armashi a Wasannin Street Fighter: Wanne Ya Fi?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin masu zuwa gidan gem, wato wanne ne ya fi kyau a cikin jerin wasannin faɗa na Street Fighter. Na lura cewa masu gardamar kan cakuɗa abubuwa biyu. Wani yana nufin wasan da ya fi adalci, wani kuma yana nufin wanda ya fi daɗin bugawa, sai su yi ta musu alhali kowa da inda ya dosa. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin raba su, in kira na farko daidaito, na biyu armashi, sannan in bi jerin wasannin in nuna inda kowanne ya tsaya. Zan kira mutanen da ke cikin wasan gwaraza, mai riƙe da madanni kuma ɗan wasa. Zagayen faɗa zan ce masa turmi, kamar yadda 'yan dambe ke cewa.

Mene ne Daidaito?

A ɗauka an sami 'yan wasa biyu masu gwaninta ɗaya, kowanne ya zaɓi gwarzonsa, suka kara sau goma. Idan kowa ya ci biyar, masana wasan sukan rubuta 5-5, an daidaita ke nan. Idan aka sami 6-4, ɗaya yana da ɗan rinjaye amma ana iya jurewa. In ta kai 8-2 kuwa, an gama faɗan tun wajen zaɓen gwarzo. Abin lura shi ne, ba gwarzo ɗaya ake aunawa ba, kowace haɗuwa ake aunawa. Wasa mai gwaraza 8 yana da haɗuwa 28. Mai gwaraza 44 yana da haɗuwa 946. Ke nan duk gwarzon da aka ƙara, aikin masu tsarawa ƙaruwa yake yi ninkin ba ninkin.

Sannan akwai maganar lokaci. Waɗannan wasanni suna nuna hoto 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, ana ce wa kowane hoto firam. Naushin da ke fita cikin firam 3 zai riga wanda ke fita cikin firam 5, ko da a tare aka danna. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma a kansa ake cin gasa.

Street Fighter II da 'Ya'yansa

Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya fitar da na farko a 1987. Babu abin tsayawa a kansa, domin Ryu da Ken kawai ake iya zaɓa, kuma salonsu ɗaya ne sak. Daidaito cikakke ke nan, amma ba na jin akwai mai kewarsa.

A 1991 aka fitar da Street Fighter II mai gwaraza takwas: Ryu, Ken, Chun-Li, Guile, Blanka, Dhalsim, Zangief da E. Honda. A nan matsalar ta soma, domin kowa da irin baiwarsa. Dhalsim ɗan Indiya yana miƙa hannu da ƙafa daga nesa. Guile sojan Amurka yana durƙusawa ya yi ta jefo makaminsa, in ka yi tsalle ya tare ka da shuri a sama. Shi kuwa Zangief ɗan kokawa ne, sai ya matso kusa ya kama ka, ga shi da nauyin jiki. Mai karatu zai iya ƙiyasta irin wuyar da yake sha kafin ya isa wurin waɗancan biyun. A wannan wasa ne kuma jerin bugu ya bayyana, wato a haɗa bugu biyu ko uku ba tare da abokin karawa ya sami damar karewa ba. Ba da niyya aka tsara shi ba, masu aikin sun gan shi sun ƙyale, sai ga shi ya zama ginshiƙin duk wasannin faɗa.

A wancan zamani babu gyara ta intanet. In an ga kuskure, sai dai a sake ƙera sabon wasa a sayar wa gidajen wasa. Shi ya sa aka yi ta samun Street Fighter II iri-iri. Champion Edition na 1992 ya ba da damar zaɓar manyan abokan gaba huɗu, sai M. Bison ya zo ya addabi jama'a. A ƙarshen shekarar aka fitar da Hyper Fighting, wanda ya ƙara sauri ya kuma rage wa masu ƙarfi kaifi. Tsofaffin 'yan wasa da yawa suna ganin shi ne ya fi daidaito a wannan gida, ni ma ra'ayina ke nan. A 1993 aka ƙara gwaraza huɗu, Cammy da Fei Long da Dee Jay da T. Hawk. A 1994 kuma Super Turbo ya zo da ɓoyayyen gwarzo mai suna Akuma, wanda ke jefa dunƙulen wuta daga sama ta yadda yawancin gwaraza ba su da amsa. Ƙarfinsa ya kai sai da aka hana zaɓarsa a gasanni. Wato 'yan wasa ne da kansu suka yi gyaran da kamfani bai yi ba.

Bari in ɗan ratse saboda mu ɗaliban harshe. Ɗan damben da muke kira Balrog, a Japan sunansa M. Bison, domin an zana shi ne da kamannin Mike Tyson. Da za a kai wasan Amurka sai aka ji tsoron shari'a, aka juya sunaye uku: ɗan damben ya zama Balrog, mai farata ya zama Vega, shugaban miyagu ya karɓi M. Bison. Saboda haka a gasar duniya ba a kiran su da suna, sai da siffa, a ce ɗan dambe, mai farata, ɗan kama-karya. Laƙabi ya warware abin da suna ya rikita, kamar dai yadda ake yi a gidan da ke da Muhammadu uku.

Wasan da Ba Shi da Adalci Amma Ake Ƙaunarsa

Zan tsallake jerin Alpha da aka fara a 1995, in tafi inda maganar ta fi nauyi. Street Fighter III ya fito a 1997, aka watsar da tsofaffin gwaraza in ban da Ryu da Ken, aka kawo sababbi, cikinsu har da Elena 'yar ƙasar Kenya. Kasuwa ba ta karɓe shi ba. Amma na uku a gidan, 3rd Strike na 1999, shi ne har yau mutane da dama ke cewa ba a yi kamarsa ba.

In aka auna shi da ma'aunin daidaito, ya faɗi. Chun-Li da Yun da Ken sun yi wa saura nisa. Sean, wanda yake da ƙarfi a wasan da ya gabata, an rage shi har ya zama abin tausayi, Twelve ma abin tausayi ne. To me ya sa ake son sa? Dalili shi ne wata dabara da zan kira kaɗe bugu. Maimakon ɗan wasa ya ja baya ya kare, sai ya tura madanni gaba daidai lokacin da bugun zai sauka. In ya dace, bugun ya tashi a banza kuma shi ke da damar ramawa. In ya kuskure, ya sha shi gaba ɗaya. Kowane gwarzo yana da wannan dabara, saboda haka ko mafi rauni yana da ƙofar tsira matuƙar mai riƙe da shi ya iya karanta zuciyar abokin karawarsa.

A gasar Evo ta 2004 a jihar Kalifoniya, Daigo Umehara na Japan yana riƙe da Ken, Justin Wong na Amurka yana riƙe da Chun-Li. A turmin ƙarshe ran Ken ya rage kamar zare, ko karewa ya yi zai mutu, domin manyan bugu suna ɗan cin rai ko an kare su. Justin ya saki babban shurin Chun-Li mai bugu 15. Daigo ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe na ƙarshe a sama, ya sauko ya gama da shi. Ana yawan ba da wannan labari don nuna armashin wasan, kuma haka ne. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗi ba: Daigo bai ci gasar ba. Wani ɗan Japan da ake kira KO ne ya ci, da Yun. Na ɗaya Yun, na biyu Ken, na uku Chun-Li. Gasar da ta nuna daɗin wasan ita ce kuma ta tona rashin daidaitonsa.

Zamanin Gyara ta Intanet

Bayan dogon shiru, Street Fighter IV ya fito a gidajen wasa a 2008, ya shiga na'urorin gida a 2009. Ya farfaɗo da harkar baki ɗaya. A fitowar farko Sagat ne sarki. Da aka zo Arcade Edition sai Yun da Yang da Fei Long suka mamaye fili, har aka yi gyaran da aka sa wa suna Ver. 2012. Daga nan abin ya gyaru ƙwarai. Dubi waɗanda suka ci Evo: a 2012 da Akuma aka ci, a 2013 Xian na Singafo ya ci da tsoho Gen, a 2014 Luffy na Faransa ya ci da Rose, wadda ba kowa ke lissafa ta cikin manya ba. Ga wasan da ya kai gwaraza 44 a Ultra na 2014, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ban so a cikinsa shi ne ma'aunin ramuwa, wanda ke cika idan ana dukan ka, ya ba ka bugu mai cin kusan rabin rai. A ganina lada ne ake bai wa wanda ya yi sake.

Street Fighter V na 2016 ya nuna wani abu dabam. An fito da shi da gwaraza 16, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ta 3rd Strike ba, amma wasan bai nuna ba aka sauke shi. Babu sashen da mutum zai bi gwaraza ɗaya bayan ɗaya shi kaɗai, sai a 2018 aka sa. Akwai kuma jinkirin kusan firam 8 tsakanin danna madanni da motsin gwarzo, wanda ya sa karewa ta yi wuya, aka koma cacar wa zai riga kai hari. An rage jinkirin daga baya, kuma kafin Champion Edition na 2020 wasan ya zama mai kyau. Amma sunan da ya yi a farko ya bi shi, domin shaidar farko wuyar gogewa gare ta.

Na shida ya fito a watan Yunin 2023 da gwaraza 18. Dabararsa ita ce a bai wa kowa ma'auni ɗaya mai gida shida, cike tun farkon turmi, wanda da shi ake kaɗe bugu, da shi ake rugawa, da shi ake ƙara wa bugu ƙarfi. Wanda ya yi almubazzaranci ya ƙarar da shi sai gwarzonsa ya galabaita na ɗan lokaci. Tun da makaman da suka fi muhimmanci na kowa ne, tazarar ta ragu, ko da yake a shekarar farko Ken da Luke da JP sun fi yawa a manyan gasanni. A 2024 wani ɗan Taiwan mai laƙabin Uma ya ci dala miliyan ɗaya a Capcom Cup da Juri. Kukan da nake da shi a nan shi ne, da yake kowa da makami ɗaya yake faɗa, wani lokaci sai ka ga gwaraza dabam-dabam suna wasa iri ɗaya. An sami daidaito, an biya da ɗan bambancin hali.

An kuma kawo sabon salon madanni mai sauƙi, inda maɓalli ɗaya ke fitar da bugun da a da sai an murza yatsa, amma an rage masa ƙarfi da kashi 20 cikin ɗari. Wannan wani irin daidaito ne da ban ambata a sama ba, wato tsakanin gwani da ɗan koyo, ba tsakanin gwarzo da gwarzo ba.

In aka matsa mini in jera su, ta fuskar daidaito zan sa na shida da Ultra Street Fighter IV a gaba, Hyper Fighting ya bi su, 3rd Strike can baya. Ta fuskar armashi kuwa 3rd Strike zan fara kira. Ga wanda bai taɓa riƙe madanni ba, na shida zan miƙa masa, ya fara da Ryu ko Luke a salon mai sauƙi, in hannunsa ya faɗa sai ya koma salon asali mai maɓalli shida.