Ɗan Makaranta Mai Ciwon Suga: Me Ya Haɗa Shi da Alkama?

Idan muka ji ciwon suga, tunaninmu kan tafi ga dattawa. Amma akwai nau'in da ke kama yara, wanda garkuwar jiki ke ruɗewa ta kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Garkuwar da ta yi wannan kuskure tana iya ƙara wani: ta ɗauki gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, a matsayin maƙiyi, ta lalata bangon ƙaramin hanji. Wannan ita ce cutar siliyak.

A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita, amma a yara masu irin wannan suga ta ninka haka sau da yawa. Abin damuwar shi ne takan zo shiru. Wani gudawa da kumburin ciki, wani ƙarancin jini ko tsumburewa, wani kuwa ba komai, sai dai sugansa ya riƙa faɗuwa bayan allura saboda hanji bai tsotse abincin ba. Shi ya sa likitoci ke gwada jinin yaro da zarar an gano sugan, su maimaita bayan 'yan shekaru.

Kada abokinmu ya daina cin biredi kafin gwaji, domin sakamakon zai ɓoye gaskiya. In an tabbatar, sai a bar biredi, taliya, alkaki da funkaso. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da gulutin. A dai tambayi mai ɗan wake ko ta zuba fulawa.