Bizar Umara Ba Kujerar Hajji Ba Ce

Duk shekara, da zarar an ga watan Sha'aban, sai wata gurguwar shawara ta sake zagaye majalisu da gidajen biki da wayoyin mutane. Wai biza ai biza ce, kai dai ka samu ka taka ƙasar Saudiyya. Dillalai na yi wa bayin Allah romon baka cewa su tafi Umarar azumi, ko su karɓi bizar ziyara, su laɓe a wani ɗaki a Makka har ranar Arfa, su sauke farali da rabin kuɗin kujera. Abin takaicin shi ne masu faɗawa tarkon galibi dattawa ne da zawarawa da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda suka sayar da gona ko shanu saboda begen ganin Ka'aba. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa. Ya kamata a daina rufa wa masu yaɗa ta asiri.

Biza izini ne da ƙasa ke bai wa baƙo ya zo domin wata buƙata guda, na wani lokaci ƙayyadadde. Ta Umara daban, ta ziyara daban, ta aiki daban, ta Hajji daban. Bizar Umara kan ba mutum damar zama har kwana 90, amma hukumomin Saudiyya na sanya ranar da dole kowane mai Umara ya fice kafin lokacin Hajji. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙi'ida. Bizar Hajji kuwa, ga ɗan Najeriya, ba ta fitowa sai ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ko dai ta hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, ko ta kamfanonin jirgin yawo masu lasisi. A Nijar ma akwai hukumar da ke wannan aiki, wato COHO. Ita kanta bizar da ke hannu ba ta tilasta wa jami'in filin jirgi ya buɗe ƙofa. A watan Nuwamban 2023, fasinjoji 177 daga cikin 264 da suka tashi daga Najeriya aka soke musu biza bayan sun sauka a Jidda, aka juyo da su. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba wajen neman wani rukunin biza da bai dace da su ba.

Masu wannan ɗanyen aiki suna zaton abin da ke tsakanin mai kujera da mai laɓewa takarda ce kawai. A gaskiya bizar Hajji tafe take da wurin kwana a Mina, da tanti mai sanyaya a Arfa, da mazauni a mota ko jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin wuraren ibada, da abinci, da likitan tawaga, da jami'in da zai neme ka idan ka ɓata. Duk wannan yana rataye ne a wuyan alhaji cikin katin Nusuk, mai ɗauke da hotonsa da sunansa da lambar da askarawa ke haskawa da na'ura a shingayen bincike. Wanda ba shi da katin ba shi da ko ɗaya daga ciki. Shi ne za ka gani yana taka kwalta daga Makka zuwa Arfa, tafiyar kusan kilomita 20, cikin harami da silifa, da gorar ruwan da ta riga ta yi zafi a hannu. Idan ya isa, ba tantin da zai karɓe shi, sai ya raɓe a gefen hanya ko ƙarƙashin wata mota. Idan jiri ya ɗebe shi, tsoron kamu ya hana shi zuwa asibiti. Idan ya faɗi, babu sunansa a kundin kowace tawaga, iyalinsa su yi makonni suna cigiya.

Ba hasashe ba ne. A Hajjin 2024, lokacin da zafi a Makka ya haura digiri 51, ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da mutuwar mutum 1,301, ya kuma ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa. Mutum sama da miliyan 1.8 ne suka yi Hajji a waccan shekara, rana ɗaya ce ta doki kowa, amma ta fi cin waɗanda ba su da tanti. Masar, wadda ta fi kowa asarar rayuka, ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 da suka yi safarar mutane da bizar ziyara. To wane dillali ne ya taɓa zaunar da abokin cinikinsa ya karanta masa waɗannan alƙaluma kafin ya karɓi kuɗinsa?

Hujjar farko da ake kawowa ita ce ta addini: ɗakin Allah ne, wa ya isa ya hana bawa zuwa ɗakin Ubangijinsa? Magana ce mai daɗin ji, sai dai ta tsallake abin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa Hajji bai wajaba ba sai a kan wanda ya samu iko, kuma amincin hanya da na rai suna cikin ikon. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da matsaya a 2024 cewa bai halatta a je Hajji ba tare da izini ba, mai yin haka ya yi zunubi, wanda kuma ya kasa samun izinin hukuncinsa hukuncin marar iko ne. Ma'ana babu laifi a kansa idan ya zauna a gida. Ko da mutum bai bi waɗannan malamai ba, ya tambayi kansa da me ya fara ibadar. Lokacin neman biza an rubuta cewa Umara zai yi ya dawo, alhali ya ƙudurce a ransa ba zai dawo ba. Ya saɓa alkawari, ya yi ƙarya, sannan ya je ya matsi wanda ya biya haƙƙinsa a wurin jifa da ɗawafi. Ibadar da ake fata a dawo daga ita kamar ranar haihuwa, ita ce za a ɗora a kan yaudara?

Hujja ta biyu ta tarihi ce: kakanninmu sun je a ƙafa, ba fasfo ba biza. Haka ne, sun bi ta Borno da Chadi da Sudan, sun tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu sun shekara da shekaru a hanya, wasu sun yada zango a Sudan har jikokinsu na can yau. Amma a zamaninsu alhazan duniya kaf ba su kai ko kusa da na yau ba, kwarin Mina kuwa bai ƙara faɗi ba tun daga lokacin. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da kason mutum dubu ɗaya a kowane Musulmi miliyan ɗaya, wanda a kansa Najeriya ta samu kujeru 95,000 a 2023 da 2024. Duk wanda ya tuna mutum 1,426 da suka mutu a ramin Mu'aisim a 1990, ko turmutsitsin Mina na 2015 da ya ci 'yan Najeriya da dama, ciki har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, ya san ƙidayar kawuna a wannan wuri maganar rai ce.

Hujja ta uku ita ce wane ya yi ya dawo lafiya, har ana kiransa Alhaji. Wane ya yi a lokacin da ake tsallake shinge ta bayan dutse. Yau ana ɗaukar zanen yatsu tun a filin jirgi, ana sintiri da jirage marasa matuƙa, ana bi gida-gida a unguwannin Makka. Kafin Hajjin 2025 hukumomi sun ce sun mayar da mutum sama da 269,000 da suka nemi shiga Makka ba izini. Tarar da aka sanar a shekarar ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama, da riyal 100,000 ga wanda ya nema masa bizar, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ɓoye shi a gida. Bayan tara sai zaman Tarhil, wurin tsare baƙin da za a kora, sai a tuso ƙeyar mutum, sai haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Dattijo mai shekara 65 da aka yi wa wannan hukunci, yaushe zai sake ganin Ka'aba? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma laifin ba ya tsayawa a kansa, domin kowane mai laɓewa yana ƙara wa ɗan ƙasarsa mai gaskiya wahalar samun biza gobe.

Gaskiya ne tsadar kujera, wadda ta tashi daga ƙasa da naira miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025 saboda faɗuwar darajar naira, ita ke tura mutane, kuma hukumomin alhazai ma suna da nasu sakacin. Amma tsada ba ta mayar da haram halal.

Don haka mai niyya ya kiyaye. Kada ka ba kowa kuɗin Hajji sai hukumar alhazai ta jiharka, ko kamfanin da ka ga sunansa a jerin masu lasisi da NAHCON ta fitar na wannan shekarar. Lasisin bara ba hujja ba ne. Ka biya ta banki cikin asusun hukuma ko na kamfani, kada ka tura asusun wani mutum, kuma ka adana rasit. Idan biza ta fito, kada ka wadatu da hoton da aka turo maka ta WhatsApp. Ka sa wanda ya iya karatu ya duba maka rukunin da aka rubuta a jikinta, da sunanka, da lambar fasfonka, da ranar ƙarewarta. Idan an rubuta ziyara ko yawon buɗe ido ko aiki, ba ta Hajji ba ce, ko da dillali ya rantse da Alƙur'ani. Ka tabbata fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida. Ka yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin tafiya, da ta shawara, da ɗigon shan inna, ka karɓi katin gaskiya daga asibiti, ka guji na sayarwa a bakin filin jirgi. Idan Umara ka je, ka riƙe ranar ficewa kamar yadda ka riƙe lokacin salla, kada ka miƙa fasfonka ga wanda ya ce zai gyara maka zama. Wanda kuɗinsa bai cika ba ya shiga adashin gata na Hajji, wanda NAHCON ta fara da bankin Jaiz a 2020, ya riƙa tarawa a hankali.

Kira na musamman ga 'ya'yan da ke son kai iyayensu Makka: idan ba ku da halin kujera bana, ku haƙura zuwa baɗi, kada ku tura tsohuwa ta je ta yi ɓuya a ƙasar da ba ta jin harshenta. Limamai su faɗi wannan a huɗubar Juma'a tun kafin azumi, masu unguwanni su daina karɓar dillalan biza hannu bibbiyu. Wanda kuma ya san mai wannan sana'a ya kai sunansa ga hukumar alhazai tun bai cinye gonar wani ba.